Wane injin juya katako ya kamata mai koyo ya fara saya?

Tambaya: Shekarata huɗu ina kafinta, yanzu ina so in koyi aikin juyi, wato ƙafafun tebur da kujera, da kuma akushi da ƙananan kwanukan katako irin waɗanda nake gani a bidiyo. Na ɗan tara kuɗi. Na ga injuna biyu: wani ƙarami mai araha da mutum zai ɗauka da hannu ɗaya, da wani dogo mai ƙafafu da sandar canja gudu. Wani abokina kuma ya ce in ba mai walda ya haɗa mini. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Ƙanena, Allah ya sa albarka a nema. Bari in fara da abin da na so a ce wani ya gaya mini ranar da na sayi nawa na farko. Idan ka je gaban mai sayarwa, zai yi ta yabon gudun injinsa. Kai kuwa ka tambaye shi gudunsa na can ƙasa nawa ne. Duk injin juya katako, wanda za ka ji ana kira lathe a kasuwa da intanet, ya iya gudu. Mai wuyar samu shi ne wanda zai tafi a hankali ƙarfinsa bai mutu ba, ya kuma tsaya daram ba ya rawa. Shi mai koyo yake bukata.

Ga dalili. Katakon da za ka ɗaura da farko ba a daidaice yake ba. Gefe ɗaya ya fi nauyi, nan ɓawo, can ƙulli. Da ya fara juyawa, nauyin da ya karkata sai ya riƙa fizgar injin, kuma in ka ninka gudun sau biyu, fizgar ninkuwa take sau huɗu. Wani malamin wannan sana'a a Amurka, marigayi Dale Nish, ya bar wa ɗalibai lissafi mai sauƙin riƙewa: ka ninka faɗin katakon a inci da yawan juyinsa a minti ɗaya, abin da ya fito ya tsaya tsakanin 6,000 da 9,000. Ke nan ƙafar kujera mai kaurin inci 3 za ta ɗauki juyi 2,000 zuwa 3,000, amma akushi mai faɗin inci 10 iyakarsa 600 zuwa 900, shi ma sai bayan ya zama zagayayye. Kafin nan ƙasa da haka ake farawa. Akushin nan in ka sake shi a juyi 2,000, bakinsa na tafiyar kusan kilomita 96 a awa. Ka ƙiyasta guntun ice mai kilo uku ya kuɓuce a wannan gudu, kai kuma fuskarka na nan kusa.

Ni ban ƙiyasta ba, gani na yi. Injina na farko irin ƙaramin nan ne da ka ambata, gadonsa, wato doguwar shimfiɗar ƙarfen da sassan injin ke zaune a kai, bututun ƙarfe ne, gudunsa na ƙasa ya haura 800. Mako na uku na ji na iya, sai na ɗaura ɗanyen mangwaro mai faɗin kusan inci 11, na kama shi a faranti, wato faifan ƙarfen da ake ɗaure katako a jikinsa, da wasu gajerun sukurori da na tsinta a akwati. Ina kunnawa injin ya kama tafiya a kan siminti, cizalolin da ke kan benci suna zubowa ɗaya bayan ɗaya. Kafin hannuna ya kai makunni, katakon ya tsinke sukurorin, ya wuce ta gefen kunnena, ya je ya doki ƙofar langa-langa. Lotsawar tana nan har yau, ban gyara ba, ita nake nuna wa yaran shago ranar da suka fara. Laifin rabi nawa ne, rabi na injin da ba shi da nauyin riƙe kansa, ba shi kuma da gudun da ya dace da aikin.

Saboda haka ƙaramin da ake ɗauka da hannu ɗaya, ka cire shi daga lissafi. A wannan sana'a nauyi alheri ne. Kai (ɓangaren da ke juya katako) da gado da wutsiya (ɓangaren da ke tokare ɗaya ƙarshen katakon) su zama na zubin ƙarfe, wanda makanikai ke ce wa kas, domin shi ke shanye girgiza. Gadon bututu ko na lanƙwasasshen falle yana motsi a ƙarƙashin cizal, sai ka ga tabo-tabo a jikin aiki ka zaci hannunka ne bai iya ba. Masu koyo da yawa sun bar sana'ar suna zargin kansu, alhali injin ne. Matsakaicin inji na kirki daga kilo 35 zuwa 60 yake, sai mutum biyu sun kama.

Sai girma. Za ka ga lambobi biyu a jikin kowane inji, kamar 12 × 18 a inci, ko a wani injin 305 × 900 a milimita. Ta farko ita ce faɗin abu mafi girma da zai juya bai taɓa gado ba. Inji mai 12 tsakiyar shaf ɗinsa, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin kai, inci 6 take sama da gado. Amma kada ka sa rai da akushi mai inci 12, domin ɗanyen katako yana da kusurwoyi, kuma in gindin majinginar cizal ya shiga ƙarƙashin aikin yana cin wuri. Inci 10 zuwa 11 za ka samu. Lamba ta biyu ita ce tsawon abin da zai shiga tsakanin kai da wutsiya, kuma nan ne maganarka ta kafinta ta shigo. Teburin cin abinci tsayinsa wajen inci 30 ne, ƙafarsa inci 28 zuwa 29. Matsakaitan injunan da ake yabo a bidiyo yawancinsu inci 16 zuwa 20 suke ɗauka. Sun ishi ƙafar kujera da ta teburin tsakar falo, amma ba su isa ƙafar babban tebur ko sandunan matakalar bene ba, sai an sayi ƙarin gado an ɗaura. Ka zauna ka duba aikin da kwastomominka suke kawowa. In ƙafafu ne za su ciyar da kai, tsawo ka fi bukata. In akushi ne a ranka, faɗi da sannu-sannu ka fi bukata. Injin farko ba safai yake ba da duka biyun cikakku ba.

Yanzu ga abin da kusan ba mai koyon da ke tambaya, kuma shi ya fi sa mutane kuka daga baya: zaren hancin shaf da ramin da ke cikinsa. A hancin nan ake murɗa faranti da cok, wato maƙamar nan mai haƙora huɗu da ke riƙe gindin akushi. Zaren da duniya ta saba da su kaɗan ne. Kaurin inci 1 mai zare 8 a kowane inci shi ne na ƙanana da matsakaitan injunan Amurka da masu kwaikwayonsu. M33 × 3.5 na Turai ne. Inci 1¼ mai zare 8 na manyan injunan Amurka ne. Tsofaffin injunan Ingila da yawa kuma ¾ mai zare 16 gare su, shi ma ana samun kayansa. In injin na da ɗaya daga cikin waɗannan, cok na kamfanoni irin su Nova ko Vicmarc ko Oneway, da na Caina masu araha, za su hau kai, kai tsaye ko da ɗan mahaɗi. In kuwa wani baƙon zare ne, ka sayi marayan inji: ranar da farantinsa ya tsage, ka shiga yawon kasuwa. Haka ramin. Rami ne mai tsukewa da ake kira Morse, a ciki ake soka tsinke mai haƙora da ke juya katako, a wutsiya kuma tsinke mai boris. Ka nemi lamba 2, za ka ga an rubuta MT2, a kai da wutsiya duka. Lamba 1 ma ana samun kayanta amma ba su da yawa. Wasu masu arahar ba su da ramin ma sam, tsinken a like yake. Amfanin wannan kulawa shi ne, duk abin da ka saya yau zai bi ka zuwa inji na biyu.

Hanyar canja gudu iri uku ce, kuma a nan ni da malaman bidiyo muka rabu kaɗan. Akwai mai fuli hawa-hawa, ka kashe inji, ka buɗe murfi, ka matsar da bel da hannu. Akwai mai sanda, irin dogon da ka gani. Akwai kuma mai maɓallin murɗawa, na lantarki. Wanda ke Amurka ko Ingila zai ce maka ka sayi mai maɓalli kawai, kuma gaskiyarsa, domin daɗinsa ba a magana. Jet JWL-1221VS, alal misali, daga juyi 60 yake farawa har 3,600, da moto mai ƙarfin doki ɗaya. Ka ɗaura karkataccen katako, ka fara kamar hawainiya, ka riƙa ƙarawa har ka ji inda girgiza ke shirin farawa, ka ɗan ja baya. Sai dai shi wanda ke can, wutar gidansa ba ta rawa. Mai maɓalli yana da allon lantarki a ciki, kuma wutarmu da ke sauka ta hau, da janareton da ke tari, su ne ajalin allon nan. In ya ƙone, sai an yi odarsa daga waje, injin na zaune wata da watanni. Moton mai fuli kuwa, ko ya ƙone, mai naɗin kwayil na unguwarku zai tashe shi, kafasita da bel kuma ba inda babu su. Matsar da bel bai fi daƙiƙa ashirin ba. Record Power DML305 misali ne na irin wannan: zubin ƙarfe, faɗi milimita 305, hawa shida, na ƙasa juyi 350, kuma ana yi masa ƙarin gado. Ba cewa na yi lallai shi ba, siffarsa nake so ka riƙe. In ka samu mai maɓalli da kuɗinsa, ka saya, amma ka haɗa da sitabilaiza mai kyau a cikin lissafi tun ranar.

Dogon mai sanda, in irin wanda na sani ne, na Caina ne da ake sayarwa da sunaye barkatai: faɗi milimita 305, tsawo 900, moto wajen wat 550, gudu daga 500 zuwa 2,000. A cikinsa fuli biyu ne masu buɗewa da tsukewa, sandar ce ke matsa su. Halinsa uku ka sani. Ba a taɓa sandar sai injin na juyawa, in ka tilasta ta a tsaye fulin zai tsage, domin ƙarfensa mai taushi ne. Abin da ke biyo bayan wannan kuwa, in ka gama aiki a juyi 2,000 ka kashe, gobe ka ɗaura babban katako, a 2,000 ɗin zai tashi. Dole ka saba da mayar da sanda ƙasa kafin ka kashe, kullum, kamar yadda direba ke cire giya. Na uku, yana cin bel, kuma fulin na son a riƙa share shi ana shafa masa ɗan mai don kada ya cije. Ƙafafunsa falle ne, amma wannan da sauƙi: ka sa katako a tsakaninsu, ka ɗora buhun yashi biyu. Ga ƙafafun tebur inji ne mai biyan bukata. Ga akushi, 500 ta yi wa karkataccen katako mai inci 11 yawa, sai ka fara zagaye shi da zarto ko gizago kafin ka ɗaura, ka kuma tsaya a inci 8 zuwa 9 har hannunka ya faɗa.

Maganar wuta ba ta ƙare ba. Ƙarfin doki ɗaya wat 746 ne. Rabin doki ya ishi ƙananan abubuwa, amma ga abin da kake so ka nemi kashi uku cikin huɗu zuwa doki ɗaya. Moto yana jan wuta ninkin-ba-ninkin a lokacin tashi, shi ya sa ƙaramin janareton nan na kallo da caji ba zai tashe shi ba, sai dai ka ji gurnani. Ka yi lissafin 2.5 kVA zuwa sama. Idan kuma na hannu za ka saya daga cikin kayan kwantena, ka karanta ɗan farantin da ke jikin moto da idonka. Namu volt 230 ne da hertz 50, na Amurka 120 da 60. Na Amurka in ka soka kai tsaye, hayaƙi za ka gani. Ko ka sa taransifoma, gudunsa zai ragu da kashi ɗaya cikin shida, moton da aka rubuta wa 1,725 ya koma wajen 1,430, kuma yana iya ɗaukar zafi. Na Ingila da Turai su ne daidai da wutarmu, sai dai ka tabbata ba mai layi uku ba ne, domin tsofaffin injunan makarantu da masana'antu da yawa haka suke.

Shawarar abokinka ba ta banza ba ce. Ƙafafun gadaje da kujeru masu yawa da ke gidajenmu a kan injin haɗin gida aka juya su, kuma maƙera irin na Panteka a Kaduna sun haɗa abin da ya fi wannan wuya. Ai ko lantarkin ma ba sharaɗi ba ne: a kasuwar Marakesh ta Maroko har yau akwai masu juya katako da baka a hannu ɗaya, suna riƙe cizal da yatsun ƙafa, kuma a dazukan High Wycombe na Ingila an daɗe ana juya ƙafafun kujeru da sanda mai lanƙwasa da igiya da abin takawa da ƙafa. Amma in za a haɗa maka, kai za ka tsaya a kai. Moton ya zama mai juyi wajen 1,420, kada a sa maka na famfon ruwa mai 2,850. A sa fuli hawa-hawa: inci 2 a moto da inci 6 a shaf zai ba ka wajen 470, ka ga ka samu sannu-sannun da muke nema. A kai shaf ɗin wurin masu injin yankan ƙarfe su fitar masa da zare M33 × 3.5 ko inci 1 mai zare 8, kada a like faranti da walda. Gadon ya zama ƙarfe mai kauri, a rufe bel, makunni kuma ya kasance inda hannu zai kai ba sai ka gitta gaban katako ba. Inda haɗin gida ya fi kasawa shi ne wutsiya da majingina: in sai ka ɗauko sifana duk sanda za ka matsa su, za ka riƙa ƙyuyar matsawa, cizal ya yi nisa da majingina, daga nan sai cafka, wato bakin cizal ya maƙale a katako ya fizge hannunka. Ga wanda bai taɓa riƙe cizal ɗin juyi ba, na fi son ya fara da na kamfani, domin sai ka san yadda na kirki yake kafin ka iya gaya wa mai walda abin da ya ɓata.

Kuɗin da ka tara, kada ka ba inji fiye da rabi ko kashi shida cikin goma. Injin juyawa kawai yake, cizal ke yanka, cizal kuma dakushewa yake cikin 'yan mintuna, balle a icenmu masu tauri. Saboda haka injin wasa wajibi ne, mai dutse inci 6 ko 8, farin dutse ya fi, in an samu mai juyi a hankali to madalla. Cizalolin su zama masu tambarin HSS, ƙarfen da zafin wasa ba ya kashe masa kaifi da wuri. Na Robert Sorby da Crown da Henry Taylor, duk na garin Sheffield, su ne sanannu, amma na Caina masu HSS sun ishe ka koyon wasa, tunda na farko rabinsu a dutse zai ƙare. Biyar sun isa: babban mai kwarmi na sassabe, ƙaramin mai kwarmi na ado, mai zurfin kwarmi na akushi, siririn yankewa, da mai karkataccen baki. Babban na sassabe na ƙafafu ne kaɗai, kada ka kuskura ka kai shi jikin akushi, domin wutsiyarsa da ke cikin ƙota siririya ce, in ya cafka karyewa take. Kuma na san za a ce maka ka wasa tsohon magagari ka yi cizal da shi. Ƙarfen magagari gautsi gare shi, tarwatsewa yake kamar kwalba. Cok kana iya jinkirta shi wata biyu ko uku, faranti da dogayen sukurori masu kauri sun isa farawa.

Garkuwar fuska cikakkiya, wadda ta rufe daga goshi zuwa haɓa, ka saye ta rana ɗaya da injin. Tabarau ido kawai yake karewa. Ka sa abin rufe hanci lokacin samfefa, musamman a madaci da loko, ƙurarsu na sa wasu atishawa da ƙaiƙayi. Riga mai faɗin hannu, carbi a wuya, zobe, safar hannu, duk a ajiye su kafin a kunna. Don koyo, ka nemi ɗanyen darbejiya ko mangwaro daga masu sassabe, ko ragowar malaina a 'yan katako. Ɗanye ya fi daɗin yanka, ɓawon aikin na fita dogo-dogo kamar taliya. Ƙirya da marke ka bar su sai hannu ya nuna.

Ranar saye ka tafi da guntun katako da awo. Ka soka tsinken kai da na wutsiya, ka turo wutsiyar har su haɗu, ka ɗaure. Tsini ya sumbaci tsini. In sun saɓa fiye da kaurin farce, ka bari, sai dai in kan mai juyawa ne a iya daidaita shi a gabanka. Ka kama hancin shaf ka girgiza sama da ƙasa, kada ka ji ko ɗan motsi. A kunna maka a kowane gudu, ka saurari boris, ka ɗora tafin hannu a kan injin bayan minti biyar ka ji zafinsa. Ka ɗaura katakonka ka matse da wutsiya ka ga ko tana zamewa baya. Ka duba gado da kyau ko akwai tsaga ko tsohuwar walda, domin tsatsa ana gogewa, tsagaggen kas kuwa ya tafi ke nan. In ka kai shi gida, ka ɗora shi yadda tsakiyar shaf za ta zo daidai gwiwar hannunka kana tsaye.

Tsakanin biyun da ka gani, dogon zan ɗauka, in zarensa na cikin waɗanda na lissafa, raminsa MT2 ne, kuma ya ci jarrabawar tsini da tsini. Ka karɓo bel biyu na ajiya tun a shagon. In kuma kafin ka biya ka ci karo da matsakaicin zubin ƙarfe mai fuli hawa-hawa da ke sauka ƙasa da 400, kuma ana samun ƙarin gadonsa, ka bar dogon ka ɗauki wannan. Watan farko kada ka taɓa akushi. Ka yanka sanduna ashirin masu kaurin inci 2 da tsawon ƙafa ɗaya, ka yi ta zagaye su kana fitar da tudu da kwari, har ranar da za ka jera huɗu a kan benci ka kasa gane wadda ka fara yi.